Mai Binciken Mayu Da Ɗanwaken Inna

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ba zan iya kai shi gun maƙwabta ba, domin daga bakin maƙwabta ya fito tun asali.

Ni 'yar Dugabau ce ta ƙasar Kabo, aure ya kawo ni Gwarzo. Mahaifiyata, Inna Asta, Allah Ya jiƙanta, ɗanwake take sayarwa. A shekarun ostariti, lokacin da ake layin sabulu da madara, ga damina ta yi gardama, tukunyarta ce ta riƙe gidanmu. Akwai ɗan maƙwabtanmu, Nata'ala, da kan zo ya tsaya a bakin murhu yana kallo, ita kuma ta zuba masa a murfin kwano. Sai ya kwanta da zazzaɓi da gudawa, ya rame, yana sambatu yana kiran sunan Inna. Malam, yaro mai jin yunwa wa zai kira in ba mai ba shi abinci ba? Amma aka ce ta kama masa kurwa, mayya ce. Aka taru a ƙofar gidanmu wai sai ta tsallake shi, yadda ake sa mayu su yi don su saki wanda suka kama. Inna ta ƙi. Ta ce ba za ta ɗaga ƙafa a kan ɗan mutane ba, don tsallakewar nan ita ce amsa laifi. Liman ya goya mata baya, ƙura ta fara lafawa.

Ana cikin haka wani ɗan taliki ya diro a kan basfa, da rikoda da kyamara a rataye. Malam Musbahu, marubuci, wai mai binciken aljannu da fatalwa da mayu. Baba ya sauke shi a zaurenmu, yana murna ga ɗan boko ya zo wanke mu. Ya yi kwanaki yana ɗaukar muryar tsofaffi, yana leƙa randarmu, har ya sa Inna ta buɗe baki ya haska da tocila, wai yana neman ƙanƙarar maita. Mace mai 'ya'ya da surukai! Daga nan ya shawo kan Baba cewa a yi gwaji irin na masu ilimi: ta tsallake yaron, in bai tashi ba shi ke nan ƙarya ta ƙare. Ya yi ta naci har Inna ta yarda don darajar Baba. Ta tsallake a gaban jama'a, shi yana gefe yana ɗaukar hoto.

A ranar, da la'asar, ya ɗora yaron da ubansa a basfa ya kai su ɗakin shan magani a Garo, aka yi masa allura, aka ba shi ruwan gishiri da sukari. Yaro ya warke. Wa ya tuna da allura? Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne Asta ta tsallake, yaro ya tashi.

Daga ranar ba wanda ya sake miƙo kwano gidanmu. Inna ta daɗe tana dafawa kamar kullum, rana ta yi ta juye wa awaki. Har ta rasu mata suna janye 'ya'yansu in ta gifta, ranar sadakarta kuma gumbar ma a faifai aka bar mana ita. Ni kaina ba don Hammadu ɗan baffana ne ba, ban san wanda zai aure ni ba.

Daga baya Malam Musbahu ya fitar da littafi, sunansa Masu Kama Kurwa, ga hoton Inna ƙafa a sama, ga sunanta da na unguwarmu. Can ƙarshe ya rubuta cewa a ganinsa ba mayya ba ce, amma Allah ne masani. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, duk zaman da mutumin nan ya yi a zaurenmu bai taɓa cin abincin Inna ba. Ni nake kai masa kwano, ni nake dawo da shi a rufe. Yau yana azumi, gobe cikinsa ba daɗi, ga gwangwanayen kifi da ledar burodi a bayan tabarmarsa.

Da Shari'a ta zo sai ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya sake buga littafin da sabon bango da ayoyi a farko, yana kiran kansa mai yaƙi da camfi. Hoton yana nan. To ina da 'ya, Uwaliya, ta gama sakandare, ta daidaita da wani malamin makaranta ɗan Mainika, Mahbub. Har an kawo gaisuwar iyaye. Kawunsa Alhaji Datti, da aka ɗora wa binciken asalinmu, sai ya ci karo da littafin a kasuwar Gwarzo. Tun daga nan maganar sa rana ta mutu. Abin da ya dawo mana ta bayan fage shi ne wai ita maita a nono ake shan ta. Uwaliya ko abinci ba ta ci.

Na tura Hammadu gun Malam Musbahu ya roƙe shi ya cire hoton. Ya tarbe shi da fara'a, ya ce ai wannan dama ce ta yin littafi na biyu, yaushe zai zo da rikoda ya yi hira da ni, ya kuma duba yarinyar? Ƙanena Ja'afaru ya ce mu kai shi kotun Shari'a kan ɓata suna. Maigidana Hammadu ya ce mu yi shiru. In na je kotu duk Gwarzo za ta ji abin da 'yan tsiraru suka karanta. In na yi shiru 'yata ta rasa wanda take so. Yaya zan yi?

Taka,
'Yar mai ɗanwake, Gwarzo.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa wulaƙancin da ta sha ya zama kaffara. Na sauya sunayen da ke cikin wasiƙarki, amma mutumin naki na gane shi tun daga basfa.

Na karanta littattafansa duka, Allah Ya yafe min lokacin da na ɓata. Shi ne ya ɗora wata yarinya mai aljannu a kan sikelin gyaɗa don ya ga ko aljani yana ƙara nauyi. Shi ne ya tare a bakin wata rijiya da aka ce tana kuka, ya dawo da mura da babi guda, bai ko tambayi kwaɗin da ke ciki ba. Kowane littafi nasa hanya ɗaya yake bi: ya tsorata mai karatu tun daga bango, ya kai shi har bakin amsa, sannan ya ce Allah ne masani ya tsere. Allah ne masani, babu shakka. Amma wanda zai tsaya a nan, me ya kai shi haska bakin matar mutane da tocila?

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai ladansa. Cikin duk taron da ya cika ƙofar gidanku, shi kaɗai ya tuna akwai ɗakin shan magani, kuma da bai tuna ba da an binne Nata'ala, da abin da za a yi wa Inna ya fi haka muni. Ban kuma ɗauka ya zo da mugunta ba. Sakarci ne mai ɗauke da kyamara. Ɗan firamare ma ya san in ka ba mara lafiya magani biyu rana ɗaya, ba ka da bakin cewa wanne ya yi aiki. Shi ya haɗa tsallake da allura ya kira abin gwaji. Na sake duba littafin kafin in amsa miki: tsallakewar ta ci shafuka da hoto, allurar layi ɗaya ta samu.

Alhaji Datti kuwa ban ga ya fi shi ba. An aike shi ya binciko addini da halin gida, ya je ya sayo tsoro a kasuwa. Mutumin da ke neman sahun gaba a masallaci, amma yana ganin jikar mai ɗanwake za ta iya ɗaukar ran da Allah bai ƙaddara ba, shi ya kamata a bincika.

Maganar kotu, Ja'afaru yana da hujja, kuma haƙƙinku ne. Amma kada ki fara da ita. Malam Musbahu zai buɗe shafin ƙarshe ya nuna wa alƙali inda ya ce ba mayya ba ce, ku yi ta zarya, 'yan kallo suna kwasar labari. Ko kun yi nasara, hukuncin alƙali ba ya cire tsoro daga cikin Alhaji Datti. Shirun da Malam Hammadu yake so shi ma an gwada shi. Inna ta yi shi har kabari.

Ga abin da nake gani. Ki aika wa Malam Musbahu cewa kin yarda ya zo da rikodarsa. Yarinya dai ba mai duba ta, ba akuyar kasuwa ba ce. Malam Hammadu ya gayyaci limaminku da Alhaji Datti da mahaifin Mahbub, a nemo Nata'ala in yana raye. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda mai wucewa zai gani. Liman ya nemi Malam Musbahu ya faɗa da bakinsa, rikoda tana juyawa, wa ya matsa aka yi tsallaken da Inna ta ƙi, ina kuma ya kai yaron da la'asar. Ba zai ƙi ba, irinsu ba sa ƙin ba da labarin da suke ciki. A nan ne za a nemi alkawarin cire hoto da suna a gaban shaidu. In ya saɓa, to Ja'afaru ya ɗauko maganar kotu, ina bayansa.

Sannan Uwaliya ta fito da ɗanwaken da ta dafa da hannunta, a ajiye kwano na farko a gaban mai yaƙi da camfi. In ya ci, ya yi wa Inna shaidar da ya kasa yi mata da biro, kuma Alhaji Datti zai ji kunyar naɗe hannu liman yana ci. In ya ƙi, kowa ya ga cewa littafin da aka dogara da shi matsoraci ne ya rubuta. Ki kuma sa ido a kan Mahbub. In yana son 'yarki zai zo ko ba a kira shi ba, ya nemi ƙari. In shi ma cikinsa ba daɗi ranar, ki rarrashi Uwaliya, ku gode wa Allah da aka gane tun kafin ta fara yi masa girki.

Abu ɗaya: kada ku sa zaman ranar Litinin ko Alhamis. Ku sa shi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da ba a keɓe ta da azumin nafila. Mu ga uzurin da Malam Musbahu zai kawo.

Allah Ya ba Uwaliya miji na gari mai cin abin da ta dafa, Ya kuma sanyaya miki zuciya.