Ƙasan Farwar Baba

Shobak, 22 ga Disamba

Ƙanena Nayif,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Gadir da yara. Ya sanyin Amman? Namu ya kankama, ruwan tanki da ƙanƙara yake kwana.

Ban san yadda 'yarka Lujain ta ba ka labarin ba, to ga nawa. Ran Juma'a ta zo da ƙawaye biyu, kowacce cikin 'yar rigar kanti mai gashi kamar na tunkiya, wai ita ake yayi bana. Tana ganin Baba cikin farwarsa, doguwar rigar sanyin nan mai fatar tumaki a ciki, ta shafa gashin ta ce kai, wannan ce ta ainihi, ina ma tata ce. A gaban baƙi fa! Sauran ka sani. Ya tuɓe ya yafa mata. Ina ta ƙifta mata ido, ita tana ta ɗaukar hoto.

Ba laifinta nake gani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata a gidanmu ba a yaba abin da ke jikin dattijo. Amma shekara talatin da farwar nan yake fita kiwo, yau kwana uku yana bin tumaki da kwat ɗin Salla. Tari ya fara. Sai ka san abin yi.

Ka gaida kowa.
Yayarka, Tamadur

Shobak, 9 ga Janairu

Nayif,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonka ya iso, an gode. Rigar kantin da ka aiko wa Baba da laushi, ba ƙarya. Baba ya sa ta don kada ka ji ba daɗi, ya matsa kusa da murhu, hannun rigar ya narke kamar leda. Yanzu ɗan ragon da uwarsa ta ƙi ne ke kwana a kanta.

Na gwada masa zancen dawo da farwar. Ya ce shi bai taɓa yin amai ya lashe ba, ko an kawo ba za ta shiga gidan nan ba. Ashe ma aikin gama ya gama. Jiya maƙwabciyarmu ta nuna mana hoton Lujain a waya, yarinyar ta kai farwar wajen tela ya yanke ta iya ƙugu. Ta yi mata kyau. Ni dai raina ya ɓaci, gaskiya.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Tarin ya sauka ƙirji, likita ya hana shi fita, tumakin suna hannun Abu Sakar makiyayi.

Da safen nan ina zuba masa shayi ya ce in rubuto maka. Yana gaida Lujain, Allah ya sa ta more ta lafiya. Sannan in telan bai zubar da ƙasan da ya yanke ba, a aiko masa, zai rufe gwiwa. Ya ce ba sai yarinyar ta sani ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Tamadur