Kada Ka Goge Tsohon Faifan Baba

Zuwa ga Yayana, babban wa magajin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, irin ta ƙanwa ga wanta, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na can sansanin gina hanya. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, ya sa albarka a gumin da kuke zubarwa, amin. Mu nan gida lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa bakin ƙofa ba sanda, idanun ne dai sai a hankali, yanzu da murya take gane mai shigowa. Matarka ta kawo mana yara ranar hutu. Autarka ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ta gwada su a jikinsa, ni ma ga shaida nan a kafaɗata. Kawu kuwa ya rabu da tsohuwar motar nan tasa, kuma tun daga ranar yake yabonta kamar ba ita ce ta saba kwana da shi a hanya ba.

Yaya, kafin ka ci gaba da karatu, ka ji wannan tukuna. Idan Dogo, abokin aikinka da ya zo hutu, ya riga ya iso da sabon faifan ajiya na kwamfuta da na ba shi ya kai maka, to don girman Allah kada ka goge tsohon da ke wurinka. Kada ka kwafa komai daga sabon zuwa cikinsa, kada ka ba kowa aronsa. Na tuna a wayarmu ta ƙarshe ka ce da sabon ya zo za ka share tsohon ka ba abokin ɗakinka ya zuba finafinansa, ni kuma na ce maka ba komai. Yanzu da komai. Na kira ka har na gaji, na tura saƙo bai shiga ba, na san ba ku da sabis sai ran da kuka shiga gari. Shi ya sa na roƙi direban motar kayan abincinku ya kai maka wannan hannu da hannu. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Dogo ya riga shi tashi.

Ka san abin da ke cikin faifan nan. Kaset-kaset ɗin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake aiko wa Inna ne a shekarun da yake aiki nesa da gida, tunda ita ba ta karatu, shi kuma bai yarda wani ya karanta mata maganarsa ba. Bayan rasuwarsa ka kai su aka mayar da su cikin kwamfuta, aka yi kwafi uku: ɗaya a faifan da muke amfani da shi a gida, ɗaya a faifan da ke cikin durowar Inna, na ukun ka tafi da shi. Kaset ɗin kansu ruwa ya cinye su shekarar da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ba mu damu ba a lokacin, muna ganin ai muna da har uku. Kai ne kuma ka kafa mana doka, da muryar nan taka ta shugaban ma'aikata, cewa duk ƙarshen wata in share na durowa tas in sake kwafa na gida a kansa, don kada tsoho ya cuɗe da sabo. Ban taɓa fashi ba. Ina yi ina jin kaina mai tsari, har ina yi wa babbar yayarmu, Yaya Babba, gori ita da hotunan bikinta da suka ɓace da wayarta.

Inna ce ta fara lura. Kullum da safe, in ta idar da addu'o'inta, nakan kunna mata guda ɗaya a waya, tana shan shayi tana amsa masa kamar yana zaune a kujerar gefe. Duk mako ina zuba mata wasu daga faifan gida. Ran nan ta ce in sa mata kaset ɗin tari, ka san shi, wanda Baba ya fara da tari ya ba da haƙuri ya ce ƙurar wurin aiki ce. Yana cikin magana sai muryar ta yi wani ƙara kamar an ja ƙarfe a kan siminti, ta yi tsalle, ta dawo can gaba yana zancen kuɗin makarantarka. Wurin da ya ɓace shi ne inda yake kiranta da sunan nan da shi kaɗai yake kiranta da shi, ya ce mata ta daina jiransa a bakin ƙofa, zai zo. Inna ta ajiye kofin ta ce in mayar baya. Na mayar, abu ɗaya. Na ce mata wayar ce ta tsufa. Ba ta yi musu ba, ta dai ce ruwa ba ya tsami banza, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta. Bayan kwana kaɗan wani kaset ɗin ma ya yi haka.

Sai na kwashi faifan gida da na durowa na tafi da su asibitin da nake aiki. A sashenmu na ajiyar hotunan ƙirji da ƙashi akwai wata mata mai kula da kwamfutocin asibitin, Injiniya muke ce mata, ba ta da yawan magana, ofishinta kuma sanyi kamar cikin firji. Duk sanda aka kwashe hotunan marasa lafiya daga wata na'ura zuwa wata, sai ta tabbatar ba abin da ya taɓu a hanya, kuma na sha ganin yadda take yi. Kwamfuta takan karanta fayil daga farkonsa har ƙarshe, ta fitar masa da wata doguwar lamba, haruffa da alƙaluma a cakuɗe, ana ce mata hash. Kamar zanen yatsa take. In fayil biyu ɗaya suke ciki da bai, lambarsu za ta zo ɗaya. In kuwa ko ɗigo ɗaya ya sauya a ciki, lambar gaba ɗayanta sai ta zama wata daban, ko da sunan fayil ɗin da girmansa suna nan yadda suke. Ta ce ido yakan ga suna da girma ya ce ai shi ne, alhali kama da wane ba ta wane.

Ta haɗa faifan biyu, ta sa kwamfuta ta bi su fayil bayan fayil, ni kuma na koma kan aikina zuciyata na can. Da na dawo ta nuna mini layi biyu na lambobi gefe da gefe. Duka sun zo ɗaya, daga sama har ƙasa, ba ko guda da ya saɓa. Yaya, har hamdala na yi da ƙarfi, na ce to ashe wayar ce. Ita kuwa ba ta yi murmushi ba. Ta tambaye ni yadda nake kwafar na durowa, na faɗa mata dokarka da alfahari. Ta cire tabarau ta ce lambar ba ta san lafiya ba, ba ta san ciwo ba, abin da ta sani kawai shi ne wannan da wancan ɗaya suke. Ta ce in faifan gida ya daɗe yana lalacewa a hankali, to duk ƙarshen wata da hannuna nake share mai lafiya in zuba mai ciwo a gurbinsa. Muka kunna kaset ɗin tari daga na durowa. Ƙaran nan ya fito a daidai wurin, da tsallen, da komai. Garin gyaran gira mun taɓa ido.

Ta tambaye ni ko akwai wani kwafi da ba a taɓa ba tun farko. Na yi ta tunani, sai na tuna ƙaramar rediyon nan ta Inna da ta lalace, wadda ka sa mata memori ranar da aka gama mayar da kaset ɗin cikin kwamfuta. Na tono ta a ƙarƙashin tsofaffin zannuwan gado. Kaset uku ne kacal a ciki, duka suna fita garau, amma na tari ba ya cikinsu. Injiniya ta fitar da lambobinsu ta gwada da 'yan'uwansu na faifan gida. Ɗaya ya dace, biyu sun saɓa. Ɗaya daga cikin biyun ma na saurare shi daga faifan har ƙarshe ban ji komai ba, ta ce haka abin yake, ɓarnar takan fara a inda kunne bai kai ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don yanzu ban san nawa ne suka taɓu ba a cikin sauran, kuma ba ni da abin da zan gwada su da shi.

Ba a nan ya tsaya ba. Ta riƙe faifan gida a ofishinta, ba wanda ya buɗe komai a ciki, ƙarshen mako ta sake fitar da lambobin ta gwada da na farkon mako. Wasu sun sauya. Ba wanda ya taɓa su, Yaya, suna zaune a durowar ƙarfe mai makulli, amma sun sauya. Ta ce faifan yana mutuwa ne a tsaye, kamar itacen da gara ta shiga, kuma duk kunnawa ƙara masa ake yi. Ta kwashe abin da ya saura zuwa wani wuri, ta hana ni sake haɗa shi. Na fito daga ofishin nan, na tsaya a barandar asibiti ina kallon masu jinya suna shanya, sai a sannan na tuna sabon faifan da na ba Dogo. Daga na gida na cika shi, mako ɗaya kafin Inna ta nemi kaset ɗin tari. Kyautar da na yi maka ke nan, da hotunan autarka a sama, da ciwon a ƙasa.

Saboda haka tsohon da ke wurinka shi kaɗai ya rage wanda dokarmu ba ta taɓa ba. Ga abin da nake roƙo. Ka ɗauki faifan biyu ka kai wa mai kula da kwamfutocin ofishinku, ka ce ya fitar maka da hash na kowane fayil a cikin foldar Baba, na tsohon daban, na sabon daban, zai gane. Ka tsaya a kansa, kada ya ce zai taimaka ya daidaita maka su, don wannan taimakon ne ya kai mu inda muke. Ya karanta kawai, kada ya rubuta komai a kan tsohon. In kuwa ba ya nan, ka naɗe faifan a riga ka sa a ƙasan akwatinka har ka zo, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka lura da kyau: wannan karon ba dacewa muke nema ba. In lambobin tsohon sun saɓa da na sabon, to akwai fata, wataƙila muryar Baba tana nan cikakkiya a wurinka. In kuwa sun zo ɗaya daga sama har ƙasa, to an riga an kwafa sabon a kansa, kuma ba sai na faɗa maka ma'anar hakan ba.

Ban faɗa wa Inna gaskiyar lamarin ba. Ukun nan na memori nake juya mata, yau wannan gobe wancan. Ta san ina ɓoye wani abu, don ta daina tambayar dalili, sai dai kowace safiya in na miƙa hannu zan kunna takan ce ko na tari ya gyaru. Jiya na leƙa na same ta ita kaɗai tana faɗin maganar da bakinta, tun daga tarin har ban haƙurin, da ta zo wurin da ya ɓace sai ta yi shiru daidai tsawonsa, sannan ta ci gaba. Ban shiga ba, na koma kicin na yi kukana. Tsoro nake ji, Yaya, tsoron kada mu sake binne shi, wannan karon da hannunmu.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Yaya Babba da maigidanta suna gaisuwa, haka Kawu da Gwaggo, da matarka da yara duka. Ka gaishe mini da Dogo, ka ce masa ba laifinsa ba ne, aike aka ba shi. Ka gaishe da abokin ɗakinka, ka ba shi haƙuri, ni zan saya masa wani faifan. Duk abin da ka tarar, ka ba direban nan amsa ya dawo da ita, kada ka jira shiga gari. Idan kuma takardar nan ta makara, kada ka kira gida ka faɗa a waya, kunnen Inna ya fi namu. Ka nemi wuri mai shiru, ka kunna abin ɗaukar murya a wayarka, ka faɗi kaset ɗin tari yadda ka tuna shi, har da wurin da ya ɓace. A cikinmu kai ne ka gaji muryarsa. Za ta gane kai ne tun daga kalmar farko, amma na san za ta saurara har ƙarshe.

Allah ya sa wannan ta riga hannunka isa ga faifan, amin.

Ƙanwarka mai bi maka.