Injin Roba da Ruwan Jego

Talata, 3 ga Oktoba, 1995
Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, a tsakar gidanmu na Ƙofar Jatau, injin wankin Iya ya yi gurnani, ya saki hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya tsaya. Akwai wuta, na duba. Marigayi Baba ne ya sayo shi a Kaduna a 1981. Audu mai gyara ya buɗe bayansa ya ce kwayil ɗin wayar cikinsa ya ƙone, kuma sau biyu aka taɓa naɗe shi, ba zai ɗauki na uku ba.

Ya kuwa iya zaɓen lokaci. Ƙanwata Mairo tana gida wankan jego, nafkin ɗin jariri kamar shuka shi ake yi. Likitan Wusasa ya faɗa wa Iya a gabana: yatsun nan sanyin ƙashi ya kumbura su, ba cuɗa, ba matsa. Ni kuma ran 30 ga wata zan tafi sansanin bautar ƙasa. Dole in bar inji mai aiki a gidan nan.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na tarar da Iya a bakin rijiya tana matse nafkin da gefen hannu, tana cije leɓe. Na yi magana. Ta ce, "To ɗan boko, da digirin naka za a wanke kashin?"

Asabar, 7 ga Oktoba
Sabon Gari, shago shida. Duk injinan roba ne, wani da hannu ɗaya na ɗaga shi. Namu ƙarti biyu suka fitar da shi suna nishi. Na tambayi wani mai shago shekara nawa yake yi, ya ce, "Malam, rai ma na Allah ne." Wannan ba amsa ba ce.

Na biya Wusasa wajen Madam Hilda, mahaifiyar abokina Seth. Ta sayi uku cikin shekara huɗu: ɗaya yoyo, ɗaya bel, ɗaya haka kawai ya daina. Ta ce na yanzu an yi su ne su kai ka bakin ƙofar shago su dawo da kai.

Litinin, 9 ga Oktoba
Na zaɓa. Mai baho biyu, garantin wata shida. Kabir mijin Mairo ya biya, ya ce ya bar mini zaɓin tunda ni na yi karatu. Da bai faɗi haka ba da ya fi mini.

Na karanta takardar bayaninsa sau biyu, na fassara wa Iya. Tana ta "to, to" tana tsince shinkafa.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Sabon injin ya mutu. Kwana uku.

Ga yadda aka yi. Kowace safiya Iya tana tafasa ruwan jego a rabin ganga, da ganyen darbejiya. Abin da ya rage bayan Mairo ta yi wanka, sai ta ƙara masa wuta ta juye a inji, don a wajenta ruwan da bai tafasa ba ba ya fitar da ƙarnin jariri. Haka ta yi wa tsohon injin a jegon maƙwabta da 'yan uwa, bai taɓa cewa uffan ba. Wannan kuwa farfelar ƙasansa ta lanƙwashe kamar gurasa, ruwa na bin ƙafarsa.

Takarda ta ce kada zafi ya wuce digiri hamsin. Shafi na huɗu. Na fassara mata shi, na tabbata. "Ruwa mai ɗumi" na ce. Ta ce, "Ai ɗumin ne na zuba." Mairo tana ɗaki tana dariya har jariri ya farka.

Jumma'a, 13 ga Oktoba
Mai shago ya shinshina bahon ya ce, "Miya kuka dafa a ciki?" Garanti bai shafi wannan ba. Na yi musu na minti arba'in, alhali na san shi ke da gaskiya.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Yatsun Iya sun kasa riƙe carbi yau.

Talata, 17 ga Oktoba
Bayan sallar asuba na kwashe nafkin ɗin kafin ta fito, na kai bayan ɗakin Baba inda ba a hango mutum daga zaure. Sai an fara ɗauraye najasar a wani bokiti daban, ban sani ba, na haɗa komai, na sake daga farko. Mairo ta leƙo: "Yaya, in kira mai hoto?" Na ce idan wani a unguwar nan ya ji, ita ce.

Iya ta zo wajen shanyar. Ta ɗaga guda ɗaya a igiya ta duba shi a rana, ta mayar.

Asabar, 21 ga Oktoba
Kabir bai yi faɗa ba, ya ce a nemi na hannu. Na yi jadawali: ƙarfin motar da ke juya shi, nauyi, samun kayan gyara. Iya ta yafa mayafi ta ce da ita za a je.

Tudun Wada, rumfar Malam Inuwa mai kayan Kwatano. Ina nan ina neman shekarar ƙira a bayan wani, ita tana bi tana ƙwanƙwasa su da zobe kamar mai sayen tukunya. Ta tsaya kan wani mummuna, fentinsa duk ya ɗaye, bahon ƙarfe. Ta ce a karɓo butar mai shayin can. Malam Inuwa ya ce, "Hajiya, in ya lalace fa?" Ta ce, "In ya lalace ai ka huta da yi wa wani ƙarya." Aka juye tafasasshen ruwa, aka kunna. Ya juya, yana ƙara kamar injin markaɗe.

Ba shi da takarda, ba garanti, lambar bayansa ma ta goge. Na naɗe jadawalin na sa a aljihu. Mun ɗauko shi a kura.

Laraba, 25 ga Oktoba
Yana aiki. Ƙararsa har gidan Alhaji Labaran. Amma jiya da yau babu wuta sai la'asar, nafkin kuma ba ya jiran la'asar. Na wanke.

Lahadi, 29 ga Oktoba
Na haɗa jaka. Gobe ƙarfe shida a tasha. Da safe Iya ta miƙo mini kofin koko da hannu ɗaya, ba ta tallafa da ɗayan ba. Ban nuna na gani ba.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:
Shekarun injin nan, da ƙasar da aka ƙera shi.
Ko Audu zai samu bel ɗinsa idan ya tsinke.
Ko Mairo ce ta gaya wa matan gidan Alhaji Labaran, don jiya sun gaishe ni da "sannu da aiki" suna rufe baki.
Dalilin da ya sa yau ma na wanke da hannu, alhali akwai wuta tun asuba.
Wanda zai riga Iya zuwa bakin rijiya jibi.