Takalman Yaya Habu a Ƙofar Zaure

Laraba, bayan isha'i

Ko tuwo na kasa ci. Da safe a motar Ajingi, Yaya Habu ya cika mana kunne: wai sarautar gado ta tsufa, ko mai unguwa ma a jefa ƙuri'a, a daina naɗa mutum don kakansa ya yi. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, wanda kuka zaɓa ba a ganinsa sai lokacin zaɓe. Na gadon kuwa, shi ya raba mu rigimar gona." Yaya ya yi masa dariya a bainar jama'a, ni ma na taya shi.

Da la'asar sai ga takalmansa a ƙofar zauren dagaci. Na leƙa. Ga shi durƙushe, sai zuba "ranka ya daɗe" yake. Ashe rawanin mai unguwarmu da ya rasu yake nema, hujjarsa wai kakanmu ya taɓa riƙewa!

Ya fito ya gan ni, ko kunya babu. Ya ce, "Ƙanena, taya ni addu'a. In na samu, ka ga ɗana Abba ya samu abin gado."

Tir!