Likitar da Mama Take So

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Mama. Na rubuto ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Jarrabawarmu ta ƙarshe ta matso, kuma jami'ar nan ta nesa ta buɗe neman gurbin digiri na biyu. Takarda ɗaya suke so: abin da na karanta, da abin da nake son zama. Rabin farko bai ba ni wuya ba. Na rubuta cewa ni ce ta biyu a ajinmu a ilimin sassan jiki, na taɓa maimaita jarrabawar magunguna, na zaga sashen yara da na haihuwa da na tiyata. Rabi na biyun ne ya hana ni sakat. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo. Abokiyar ɗakina ta ce in na ƙara zagaya teburin nan za ta ɗaure ni a ƙafarsa.

Yaya, ba na son zama likitar mata. Ɗakin gwaje-gwaje nake so, wanda ke can ƙasan asibiti kusa da ɗakin ajiye gawa, inda ake yanka tsoka siriri a ɗora a gilashi a duba ta a madubin da ke ƙara girman abu. Bara an kwantar da wata mata, wata da watanni ana ba ta maganin tarin fuka tana ta ramewa. Malaminmu ya duba gilashin tsokarta, ya ce in duba. Ashe wata cuta ce daban, mai magani. Da ƙafarta ta koma gida. Tun ranar hankalina ke can ƙasa.

Na san Mama ta gama shaida wa duk mai kawo mata ɗinki cewa Autarta ce za ta riƙa karɓar haihuwa. Don Allah ki fara yi mata bayani, bakina ba zai iya ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna gaishe ki. Ni ce mai katse magana ko? Za mu haɗu.

Na faɗa mata. Ta tsayar da keken ɗinki, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Duk shekarun nan, likitar gawa za ta zama?” Na ce ba gawa ba ce, tsoka ce. Ta ce ita ba ta ga bambanci ba, tunda babu wadda za ta ce miki sannu a cikinsu. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Yanzu ki natsu ki karanta. Mama ta hana in gaya miki sai kin gama jarrabawa, amma ba zan bari ki yanke shawarar tafiyar shekara biyu ido rufe ba. Wani ƙari ya fito mata a wuya, shi ya sa kullum mayafi a naɗe har haɓa. Na kai ta asibiti, sun ɗebi kaɗan daga ciki za su duba. Tun kafin a ba yara hutu muke sintiri, ga shi har sun koma makaranta, kullum amsa ɗaya: sakamako bai fito ba. Wai mutum ɗaya ne ke duba na asibitin gaba ɗaya.

Tana cin abinci, tana ɗinki, tana faɗa da ni. Kada ki ɗaga hankalinki fiye da haka.

Allah ya ba ki sa'a.
Yayarki

Yaya,

Salam. Ina gaida Mama.

Ni ce ɗalibar likita a gidan nan, ni ce kuma ta ƙarshe da ta ji? Da na zo hutu na zauna kusa da ita muna tsinke zare, ban ga komai ba. Na karanta takardarki a bakin sashen yara, na shiga na kasa auna bugun zuciyar yaro, sai da babbar nas ta karɓi hannunsa ta ce in fita in sha iska.

Ki amsa mini waɗannan. Ƙarin yana da tauri ko laushi? Yana motsi in ta haɗiyi yawu? Muryarta ta dishe? Siket ɗinta sun yi mata yawa? Na san abin da kowace amsa ke iya nufi, kuma sanin ne ke hana ni zama wuri ɗaya.

Na ajiye maganar gurbin. Ƙarshen watan nan za su rufe, su rufe. Ina gama jarrabawa zan dawo in nemi aiki kusa da gida, ko a sashen haihuwar ne. Malaminmu ya tare ni a matakala ya ce ya gama rubuta mini takardar shaida, na yi godiya na wuce da sauri.

Ki kula mini da ita.
Auta

Autata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Yayarki ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Jiya na gaji da zaman benci, na tambayi hanya na sauka ƙasan asibitin da kaina, wurin mai duba tsokar. Na tarar da wani dattijo, faranti-faranti na gilasai jere har kan kujerar baƙi, abincinsa a gefe ya huce. Na faɗa masa sunana. Ya miƙe tsaye ya ba ni haƙuri, ya nuna mini inda nawa yake a layi. Akwai mutane da yawa a gabana, Auta, wasu yara ne. Sai na ji kunyar faɗan da na sauko da shi.

Ban ce ina son aikin nan ba. Amma ki tura takardarki kafin su rufe, ban yarda ki fake da ni ba.

Sakamako bai fito ba tukuna. In ya fito, ke za a fara kira, ki karanta mini shi da bakinki.

Ki ci abinci.
Mamanki