Gudumar Uwargida Thankamani Ta Rage a Kan Tebur

Cikin alhini da karayar zuciya, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Masana'antar Kariyavattom, mai ƙera mazuraran wutar rokoki masu daskararren makamashi, suka samu labarin rasuwar Babbar Mai Duba Inganci, Uwargida Thankamani Velayudhan, wadda kowa a nan ke kira Yaya, ranar Litinin, sakamakon bugun zuciya, tana da shekara hamsin da tara.

Shekara talatin da huɗu marigayiyar ta yi tare da mu. Ta fara ne da naɗa ƙyallen kabon mai jure zafin wuta a wuyan mazurari, wurin da wutar roka ke matsewa kafin ta fita, inda ɗan kumfan iska a tsakanin naɗi ya isa ya tarwatsa aikin shekaru. Ko bayan da muka kawo na'urorin haska ciki, Yaya ba ta yarda mazurari ya bar hannunta ba sai ta bi shi da ƴar gudumarta ta tagulla, tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne. Manyan injiniyoyinmu sun sha yi mata tsiya, ita kuwa amsarta ɗaya ce: “Ku da takardunku! Ku yi mini shiru, yana magana.” Sau uku ta hana fitar da mazurarin da na'ura ta wanke, aka yanka, aka tarar da gaskiyarta. Laifinmu ne da ba mu sa kowa ya koyi wannan kunnen ba, kuma yau abin yana ci mana rai.

Ranar Asabar, bisa al'adar bikin ajiye kayan aiki na shekara-shekara, wanda kowa ke ajiye nasa har a gama biki, ta ɗora gudumarta a kan tebur cikin furanni, ta bar mazurari mai lamba 212 da zanen allinta a rabinsa, alamar inda ta tsaya da dubawa, ta ce za ta ƙarasa bayan biki. Hukumar ta ɗage gwajin ƙona shi har sai an sake duba shi daga farko.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Malam Velayudhan Nair, da ƴaƴanta, Dakta Remya da Sajeevan, tare da addu'ar Ubangiji ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Jiya da safe kowa ya zo ya ɗauki kayan aikinsa daga cikin furannin. Har aka tashi daga aiki, babu wanda ya iya miƙa hannu ga gudumar.

Sa hannu:
Kuruvilla Pothen
Daraktan Hulɗa da Jama'a
Masana'antar Kariyavattom, Thiruvananthapuram