Abin da Ke Bayan Inji na Bakwai

Ƙuba, Madina
Ranar Asabar

Zuwa ga Ammi, wato Baffa, Balarabe, a Gumel.

Assalamu alaikum. Gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Ikram, 'yar abokinka Khalilu. An ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka jin waya, shi ya sa na rubuta da hannu na tura hoton takardar a wayar 'yarka Halimatu. Ka yi haƙuri da Hausata, a kicin na koye ta.

Ta'aziyyarka ta iso, Allah ya saka da alheri. Yau kwana hamsin da rasuwar Baba.

Ya bar mana injinan wanki guda tara, irin na da masu cin ƙwandala, a wani fili bayan gonakin dabino. Mai filin zai yi gini, ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Yayana Suhaib ya gama magana da masu sayen tsohon ƙarfe, khalas, mota kawai ake jira.

Ba zan ɓoye maka ba, tun ina yarinya nake jin haushin injinan nan. Ko ɗaya ba ya aiki. Da aka rufe shagonku na wanki da ke unguwar Sultana aka watsar da su, Baba ya yi shekaru yana bin su ɗaya bayan ɗaya, har garin Yanbu ya je ya ɗauko wani. Kowace Alhamis bayan la'asar sai ya ɗauki sukundireba ya tafi wurinsu, har ranar ɗaurin auren Suhaib bai fasa ba. Maƙwabta suna kiransa Abu Gassala, uban injin wanki, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina don kunya.

Kai ka yi aiki da shi. Me ya gani a jikinsu? Ina so in sani kafin a kwashe.

'Yarka,
Ikram

Gumel
Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Ikram.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Khalilu, ya sa maƙwabcinsa na duniya, Manzon Allah, ya zama maƙwabcinsa a can. Hausarki kuwa ta fi Larabcina, da na yi shekara goma sha ɗaya a Madina ban wuce tambayar kuɗin burodi ba.

Ki gaya wa Suhaib ya dakatar da motar nan. Ban ce shawara ba, na ce ya dakatar.

Ku yaran yanzu ba ku san mamaki ba. Ni da na tashi ina wanki a kan dutse a bakin rijiya, ranar da na fara shiga shagon nan sai ga akwatuna farare a jere, kowanne da tagar gilashi a ciki. Ka jefa masa riyal, ya ɗebo ruwa da kansa, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya matse, ya tsaya ba wanda ya ce masa tsaya. Wallahi salati na yi. Alhazai kan zauna a gabansu su yi tsit suna kallon rigunansu na juyawa. Na ga tsohuwar da ta ce wa inji na uku sannu da aiki.

Wahalarmu ɗaya ce. Alhaji ya laluba aljihu, ya ciro ƙwandalar ƙasarsu ya jefa, inji ya shaƙe. Wata rana wata tsohuwa 'yar Damagaram ta jefa dala, ƙwandalar sefa biyar. Babanki ya buɗe ya ciro, ya sa nasa riyal aka yi mata wanki, ya miƙa mata dalarta. Ta ƙi karɓa. Ta ce, “Ɗana, gobe za mu tafi, kuma na san ba ni dawowa. Kai da ke zaune kusa da Manzon Allah, riƙe wannan don kada ka manta. In ka je masa ziyara, ka ce Hassu ta Damagaram tana gaisuwa.”

Ya ce to. Wannan “to” ɗin ce ta ja mana. Labari ya bazu a masaukan alhazai, sai aka koma shaƙe injin da gangan, mutum ya tsaya yana jiran Khalilu ya zo ya faɗa masa sunansa. Ni ke shan zafin zare ƙwandalolin. Na sha ce masa, “Mu masu gyara ne ko 'yan aike?” Sai ya yi dariya.

Kada ku duba gaban injinan, ba komai nan sai tsatsa. Ku kwance murfin baya.

Babanki,
Balarabe

Ƙuba
Ranar Talata

Ammi, assalamu alaikum.

Mun yi yadda ka ce.

Suhaib ya zo yana mita, wai an ɓata masa ciniki. Ya kawo guduma saboda tsatsa. Ba a bukace ta ba, kowane noti na baya a shafe yake da mai, yana juyawa kamar jiya aka ɗaura.

Subhanallah. Cikin murfin nan duka ƙwandaloli ne, an manna su layi-layi tun daga sama har ƙasa. Wasu masu huji, wasu da hoton tsuntsu, wasu da rubutun da ban taɓa gani ba. Ƙarƙashin kowacce Baba ya karce suna da gari da bakin ƙusa. Hassu, Damagaram, ita ce ta farko a inji na huɗu. Akwai mutanen Abeshe, da Sakkwato, da Nyala, akwai na Jawa da Turkiyya. Rana ta faɗo a kansu suka ɗauki ido, na tsaya kamar wadda ta buɗe ƙofa ta tarar da jam'i ana salla.

A gefen kowane inji akwai kwanan wata da alli. Sai muka gane. Kowace Alhamis yakan buɗe ɗaya ya maimaita sunayen, ranar Juma'a ya kai gaisuwarsu Masallacin Annabi, mako tara ya zagayo. Kwanan wata mafi kusa yana jikin na shida, Alhamis ɗin da aka kai shi asibiti da magariba.

Shida muka buɗe. Suhaib ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da gutrar da ke kansa, ba mu iya ci gaba ba. Shekara talatin ina jin kunyar mutumin nan, ya Ammi. Yanzu kunyar kaina nake ji.

Ikram

Gumel
Ranar Laraba

'Yata, wa alaikis salam. Halimatu ta karanta mini sau biyu, don idona ya ƙi tsayawa.

Kin ce a na shida ya tsaya. To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da igamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare zan dawo gida, na so in roƙe shi abin da tsofaffin nan ke roƙo. Bakina ya ƙi. Wanda ya yi shekaru yana ce masa ɗan aike, da wane ido? Ran tafiyata, yana bayan shago, na jefa kwabo ashirin da biyar, mai hoton dalar gyaɗa, a inji na bakwai, na fita ban ce uffan ba. Mun yi ta musayar wasiƙa, shi bai tayar ba, ni ban tambaya ba. Girman kai rawanin tsiya.

Ban sake ganin Madina ba, kuma gwiwoyin nan sun ce ba za ni ba. Ku buɗe na bakwai; in ƙwandalar ba ta nan, kada ki ɓoye mini. Mai yiwuwa ya ɗauka wani alhaji ne ya yi kuskure.

Balarabe

Ƙuba
Ranar Juma'a

Ammi, assalamu alaikum.

Jiya bayan la'asar muka buɗe na bakwai. Ƙwandalarka tana can sama, ita kaɗai a layinta. Dalar gyaɗar ta kusa shafewa, wurin ya yi sumul saboda yawan ɗora yatsa. Ƙarƙashinta ya rubuta: “Balarabe, Gumel. Bai ce ba, amma na ji.”

Suhaib ya sallami masu ƙarfe, ya fitar da motarsa daga gareji, gobe injinan za su koma can. Yau a Masallacin Annabi ya bi layin maza da takardar da muka kwafi sunayen a hannu, ni na tsaya ta ɓangaren mata. Da sunanka muka fara. Na sa alli a jikin na bakwai.

Gaisuwarka ta isa, ya Ammi. Ta daɗe tana isa.

'Yar Abu Gassala,
Ikram